Koji

Koji, wanda masana ke kira Pycnonotus barbatus, tsuntsu ne mai waƙa daga dangin Pycnonotidae, dangin da ya ƙunshi nau'i fiye da 150 a Afirka da Asiya. A littattafai ana ce masa bulbul, sunan da Turawa suka aro daga Larabci da Farisanci. Wani masanin tsirrai ɗan Faransa, René Desfontaines, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1789, bayan ya gan shi a Aljeriya.

Tsawonsa daga baki zuwa bindi bai wuce santimita 18 zuwa 20 ba. Kansa ya fi sauran jiki duhu, da ɗan tukku da yake tayarwa in ya ji motsi. Bayansa ruwan ƙasa ne, cikinsa fari-fari, baki da ƙafafu baƙaƙe. Na Afirka ta Yamma ƙarƙashin bindinsu fari ne, 'yan uwansu na gabas da kudu kuwa rawaya. Da ido ba a rarrabe mace da namiji. Ba shi da ado, amma me ya rasa? Muryarsa ta ishe shi. Tun assalatu, kafin gari ya waye sosai, yake fara rera gajeren kukansa mai gaɓa huɗu ko biyar, yana maimaitawa, na wata bishiyar yana amsa masa.

Ba ya ƙaura, rani da damina yana nan. Abin da yake bi shi ne inuwa da ruwa da 'ya'yan itace, shi ya sa a jihar Maraɗi aka fi cin karo da shi a lambunan bakin Gulbin Maraɗi, da kewayen tafkin Madarunfa, da gidajen cikin gari masu manyan bishiyoyi. Idan ɓaure ko cediya suka nuna, za a ga biyu ko uku sun sauka suna tsattsaga. Yana son mangwaro da gwaba da gwanda, yana shan ruwan fure, yana cafke ƙwari a sama, musamman shinge in ya fito bayan ruwan farko. 'Ya'yan dogon yaro ma yana haɗiye su, ya je ya yar da ƙwallon a wani wuri. Masu lambu kan yi ƙorafin ya huda musu mangwaro, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai tsutsar da yake tsincewa a ganye da irin da yake bazawa ba ƙaramin aiki ba ne, ga shi ba a cika lissafa masa su ba.

Sheƙarsa kamar ɗan ƙoƙo take, ta ciyawa da saiwa da yanar gizo, a maƙale tsakanin rassa inda ganye ya rufe. Macen na saka ƙwai 2 ko 3 masu ɗige-ɗigen ja, ta kwanta a kansu kwana 12 zuwa 14. Uwa da uba ke ciyar da 'ya'yan, galibi da ƙwari, har su tashi bayan kimanin mako biyu. In maciji ko kyanwa ta doso, sai su ɗauki tsuwa mai kaifi, sauran tsuntsaye su taru.

Hukumar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa shi cikin tsuntsayen da ba a fargabar ƙarewarsu. A Laberiya kuwa shi ne tsuntsun ƙasa, suna ce masa tsuntsun barkono.