Laisozaim: tambayoyin da kuka ƙi daina turo mini

Mene ne laisozaim?
Sinadarin furotin ne da jiki ke ƙerawa, aikinsa fasa bangon ƙwayoyin bakteriya. Yana cikin hawaye, da miyau, da majina, da nonon uwa. Na faɗi wannan ya fi sau goma.

Wa ya gano shi?
Alexander Fleming, a asibitin St Mary's da ke Landan. Mura ta kama shi, ya ɗiga majinarsa a faifan da yake renon bakteriya, sai ya ga waɗanda ke kusa da ɗigon sun narke. Ya wallafa sakamakon a 1922, shekara shida kafin ya gano fenisilin. A'a, ba abu ɗaya ba ne, ku daina haɗa su.

Ina ƙwayar gadonsa take?
Ƙwayar gado ita ce umarnin da jiki ke bi ya gina furotin. Ta laisozaim sunanta LYZ, tana kan kuromosom na 12, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Furotin ɗin da take umartar a gina yana da amino asid 130, wato tubalan da ake gina furotin da su. Na farin ƙwan kaza 129 ne, kuma da shi masanin kimiyya David Phillips ya fitar da siffarsa a 1965, karo na farko da aka ga siffar wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai kamar laisozaim, dalla-dalla.

Idan nono yana kashe ƙwayoyin cuta, zan iya ɗiga wa jaririna a ido?
To, nan ne zan daɗe, domin wannan ce tambayar da take hana ni barci. Gaskiya ne nonon mace yana da laisozaim mai yawa, ya ninka na saniya nesa ba kusa ba. Kakanninmu da suke matsa nono a idon jinjiri ba hauka suke yi ba, kuma sau da yawa idon yakan warke. Amma a lura da dalilin. Jarirai da yawa hanyar hawayensu ce take toshewa, ido ya riƙa yin ruwa da ɗan kwantsa, kuma yawanci tana buɗewa da kanta kafin shekara. Ko an sa nono ko ba a sa ba, da ma zai wuce. Sai nono ya karɓi yabon.

Matsalar ita ce laisozaim ba kowace bakteriya yake iya wa ba. Ya fi cin masu bango a fili. Masu wata fata ta waje a kan bangon sukan tsere masa, kuma ƙwayar ciwon sanyi da ake ɗauka ta jima'i tana cikinsu. Jariri yakan ɗauko ta wajen haihuwa. Idan a kwanakin farko kika ga fatar idon ta kumbura, ruwan mugunya mai kauri yana fita, kin goge ya dawo nan take, Hajiya, ki ajiye maganar nono ki ɗauki mayafinki. Wannan yana iya cinye baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Ba na cewa kowane jan ido haka yake, kuma daga nan inda nake ba zan iya bambance miki ba. Ke ma daga ɗaki ba za ki iya ba. Wanda ya duba idon ne zai iya. Idan kin riga kin ɗiga, kada ki tayar da hankalinki, ba guba kika sa masa ba. Jinkirin ne abin tsoro.

To Apolo fa?
Yawanci bairos ne, ba shi da bangon da za a fasa. Wanke hannu, kada a haɗa tawul.

In lashe ciwo tunda miyau yana da shi?
Bakinka cike yake da bakteriyar da laisozaim ɗin ya kasa kashewa. Nemi ruwa da sabulu.

An ce akwai cutar gado daga ƙwayar gadon laisozaim, ko ina da ita?
Da wuya ƙwarai. A 1993 aka fara bayyana wasu dangi a Ingila da canjin amino asid ɗaya tak ya sa furotin ɗin yake naɗewa ba daidai ba, ya taru a ƙoda da hanta da hanji. Daga uwa ko uba kaɗai ana iya gadonta. Ciwon bayanka na jiya ba ita ba ce.

Shan ɗanyen ƙwai zai ƙara mini laisozaim?
Ciki zai narkar da shi kamar kowane abinci, ka kuma sayo wa kanka gudawa a banza. Dafa ƙwanka.