Manhaja Ta Ƙi Buɗewa Saboda Gargaɗin Tsaro: Tambayoyi Da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa har na gaji da maimaita amsarsu, shi ya sa na tattara su wuri guda. Wanda yake da tambaya ya fara karantawa tukuna.

Na danna manhaja, sai wani saƙo ya fito ta ƙi buɗewa. Me zan yi?

Ka karanta saƙon. Babu wanda zai iya taimaka maka da "wani saƙo", domin gargaɗin Windows daban ne, na manhajar riga-kafi daban, na Java ma daban, kuma kowanne da maganinsa. Ka ɗauki hotonsa kafin ka rufe shi.

Wani shuɗin akwati ya ce "Windows protected your PC". Kwamfutar ta kamu da cuta ke nan?

A'a, ka kwantar da hankalinka. Wannan SmartScreen ne, wato mai tace fayilolin da aka sauke a Windows, kuma a mafi yawan lokuta abin da yake nufi shi ne bai san fayil ɗin ba, ko don sabo ne, ko don mutane kaɗan ne suka sauke shi, ko don wanda ya rubuta shi bai sa masa hannu na dijital ba, wato alamar da ke nuna wanda ya yi shi. Rashin sani ba hukunci ba ne.

In kashe riga-kafin gaba ɗaya, ai za ta buɗe?

Ƙila ta buɗe, ita da duk abin da ya biyo ta. Ba a cire ƙofar gida don baƙo ɗaya ya ƙwanƙwasa. Kada ka yi.

Jiya tana aiki, yau tana cewa takardar shaida ta ƙare ko ba ta da inganci.

Ka dubi agogon kwamfutarka kafin komai. Kowace takardar shaida, wato shaidar dijital da ke tabbatar da mai manhajar, tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, saboda haka idan kwanan watan ya koma baya da shekaru, kwamfutar za ta ga ingantacciyar shaida ta ƙi ta. Idan agogon yana ɓacewa duk lokacin da aka kashe ta, ƙaramin batirin cikinta ne ya mutu, wanda a yawancin kwamfutocin tebur samfurin CR2032 ne.

To yaya zan san lokacin da ya dace in tsallake gargaɗin?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma babu amsa guda da za ta ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari. Abu na farko shi ne inda fayil ɗin ya fito. Idan daga shafin kamfanin da ya yi manhajar ka sauke shi, kuma kai ka rubuta adireshin da hannunka ba talla ka bi ba, to akwai dalilin natsuwa. Idan kuwa wani ne ya turo maka shi ta imel ko ta saƙo, ko da ka san shi, ka dakata. Daga nan ka danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka shiga "Properties", ka nemi sashen "Digital Signatures", ka ga ko sunan da ke ciki ya yi daidai da na kamfanin. Sai dai sa hannu kansa ba kariya ce cikakkiya ba: a 2017 an cusa muguwar manhaja cikin CCleaner, aka rarraba ta da ingantaccen sa hannun kamfanin. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai ƙananan manhajoji nagari da ba su da sa hannu ko kaɗan, domin da kuɗi ake sayen takardar shaidar.

Idan kamfanin ya wallafa lambar SHA-256 ta fayil ɗin, wato jerin haruffa da lambobi da ke sauyawa in an taɓa fayil ɗin, ka lissafa taka da umarnin Get-FileHash a PowerShell, wurin rubuta umarni na Windows, ka kwatanta. In sun bambanta ko da da harafi ɗaya ne, ka goge shi. Kana kuma iya ɗora shi a VirusTotal, inda gomman injinan riga-kafi za su duba shi, amma kada ka ɗora wani abu na sirri, domin masu bincike na iya samun abin da aka ɗora. Injin ɗaya ko biyu su yi ƙorafi, ƙila kuskure ne. Idan manyan da aka sani suka taru a kansa, magana ta ƙare. Bayan duk wannan, in ka gamsu, sai ka danna "More info" sannan "Run anyway", ko ka sa alama a "Unblock" a cikin "Properties". Wannan fayil guda kawai yake saki, sauran tsaron yana nan daram.

Ni ban ga "Run anyway" ba.

Mai yiwuwa Smart App Control ne, wani tsarin tsaro na Windows 11, wanda ba ya ba da damar keɓe manhaja guda. Ka nemi sabon bugu mai sa hannu daga wurin masu ita.

Manhajar ta kuɗi ce amma na samu wadda aka fasa kyauta, riga-kafi kuma ya cafke ta.

Ya yi aikinsa. Masu rarraba irin wannan su ne suke rubuta maka cewa ka kashe riga-kafi kafin ka girka, ka tambayi kanka dalili. Ba zan koya maka yadda ake dawo da ita ba.

A Mac fa?

Gatekeeper ne, tsarin da ke tace manhajoji a Mac. Tun daga macOS Sequoia na 2024 tsohuwar dabarar riƙe Control a danna ta daina aiki. Ka gwada buɗe manhajar, ka shiga "System Settings", sashen "Privacy & Security", za ka tarar da "Open Anyway" a ƙasa, kuma maɓallin yana ɓacewa bayan kamar awa ɗaya. Binciken da na faɗa a sama ya shafe ka kai ma.

Tsohuwar manhaja ce ta Java, tana cewa "Application Blocked".

Tun daga Java 7 sabuntawa ta 51, a Janairun 2014, ake toshe manhajojin Java da ba su da ingantaccen sa hannu. Ka buɗe "Configure Java", a sashen "Security" ka ƙara adireshin manhajar a "Exception Site List". Adireshin nan kaɗai, ba wani ba.

Kwamfutar ofis ce, ta ce shugaban tsarin ne ya hana.

To ya hana. Ka kai maganar ga sashen da ke kula da kwamfutocin, tare da hoton saƙon da sunan manhajar.