Ajiye mota a gida wasu ranaku: me ake samu, me ke iya lalacewa?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lissafin mai mota ya canza. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Shi ya sa magidanta da yawa a Kano da sauran birane suke auna yaushe ya kamata a fito da mota, yaushe ya kamata a bar ta a gida.

Nawa zan rage idan na rage tuƙi?

Kada ka yi kirdado, auna. Cika tanki fal, rubuta lambar kilomita da ke jikin mita, yi zirga-zirgarka ta mako guda, sannan ka sake cikawa. Litar da ta shiga ita ce abin da ka ƙona. Ƙaramar mota mai silinda huɗu takan sha lita 10 zuwa 12 a kilomita 100 cikin gari. Wanda ke yin kilomita 30 zuwa da dawowa kullum, idan ya ajiye ta kwana biyu a mako, ya tsira da kusan lita 29 a wata. Ban da juyen baƙin mai da zai yi jinkiri, da birki da taya da za su ƙara kwana.

Wace tafiya ce ta fi cutar da mota?

Gajeriya. Mutane da yawa suna ganin zuwa masallacin Juma'a ko sayen burodi a bakin titi ba komai ba ne, alhali nan ne ɓarnar take. Inji yana buƙatar minti goma zuwa sha biyar yana aiki kafin ya yi zafin da aka ƙera shi a kai. Kafin nan yana shan mai fiye da ƙima, kuma wani fetur ɗin da bai ƙone ba yana zirarewa ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Tururin da ke taruwa a ciki ma ba ya samun zafin da zai kore shi. Buɗe murfin baƙin man motar da ba ta wuce unguwa, za ka iya ganin wani farin kumfa mai kama da madara ya manne a ƙasansa. Salansar mota, wato bututun hayaƙi, ita ma ta ciki take fara ruɓewa saboda ruwan da ke kwanciya.

Batir na shan tasa wahalar: kowane tayarwa yana zuƙe wuta, tafiyar minti biyar kuwa ba ta mayar da ita. Sai wata safiya a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas.

Sai gosulo. Tsayuwa a cunkoson Kantin Kwari ko Bata da inji a kunne tana cin abin da ya kai lita guda a awa idan na'urar sanyaya mota na aiki, ba tare da an matsa ko'ina ba.

To idan na ajiye ta, ba za ta lalace ba?

Za ta lalace idan aka yi watsi da ita. Batir zai sauka, taya ta saki iska, ɓeraye su shiga su ci waya. Maganin shi ne a fita da ita sau ɗaya a mako, tafiyar minti 20 zuwa 30 a buɗaɗɗen titi. Kunna ta a tsaye a tsakar gida na minti biyar bai wadatar ba. A tara cefane, kai ziyara da sauran hidimomi a yi su a wannan fita guda.

Da me zan maye gurbinta?

Nisa ne ke yanke hukunci. Kilomita guda tafiyar minti 12 zuwa 15 ce a ƙafa. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, keke na cin kilomita biyar a kusan minti 20. A dai sa masa fitila gaba da baya, a riƙa wanke sarƙa ana ɗiga mata mai, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke cinye ta. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sammako ko yamma ya fi. Bayan hana acaɓa a 2013, A Daidaita Sahu ce ta riƙe garin, sai dai ɗaukar shata kullum na iya fin kuɗin mai, don haka a shiga ta haya.

Maƙwabta huɗu masu aiki a yanki ɗaya kuma suna iya yin karɓa-karɓa, kowa ya fito da motarsa mako guda. Abin da ke rusa wannan tsari kusan kullum makara ce. A tsayar da lokacin tashi tun ranar farko, wanda ya wuce minti biyar ya nemi abin hawa.

Mai zuwa Abuja daga Kaduna yana da jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, layin kilomita 186 da aka buɗe a 2016.

Akwai ribar da ba ta kuɗi ba?

Akwai, kuma ba ƙarama ba ce. Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya, ban da hayaƙin da masu talla da 'yan makaranta ke shaƙa a bakin titi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako don kare kai daga hawan jini da ciwon suga. Tafiyar minti 15 zuwa tasha da safe, 15 da yamma, kwana biyar, ta cika adadin cif.