Waiwaye: Yadda aka fara ɓoye adireshin imel

A 1971 ne Ray Tomlinson ya zaɓi alamar @ don ta raba sunan mutum da sunan kwamfutar da yake aiki da ita. A wancan zamani masu amfani da ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta haifi intanet, ba su taka kara sun karya ba, har littafi ake bugawa ɗauke da sunayensu da adiresoshinsu. Daga littafin nan ne Gary Thuerk na kamfanin ƙera kwamfuta na DEC ya kwashi sunaye a watan Mayun 1978, ya tura wa mutum kusan 400 tallar kwamfuta. An yi masa ca, amma ba wanda ya ga dalilin ɓuya.

Sai a shekarun 1990 lamarin ya canza, da 'yan talla suka ƙera manhajoji masu bin shafukan intanet ɗaya bayan ɗaya, ba abin da suke farauta sai alamar nan. Duk inda suka gan ta, sai su yashe abin da ke hagu da damanta. Mutane suka shiga dabara. Wani ya cire alamar ya rubuta sunanta da haruffa, wani ya cusa kalmar banza a tsakiyar adireshin, ya ƙara da cewa "goge wannan kafin ka aiko". Akwai masu mayar da adireshin hoto, wanda a ganina ya fi cutar da makaho mai dogaro da manhajar karanta allo fiye da ɗan talla.

Da farko dabarar ta ci. A 2003 cibiyar CDT ta Amurka, mai fafutukar kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta fitar da sakamakon wani bincike, inda ta baza adiresoshin gwaji, ta tarar waɗanda aka bari a fili su suka sha ruwan saƙonni, waɗanda aka yi wa ɓad-da-kama kuwa ba a taɓa su ba. A shekarar ce kuma Amurka ta kafa dokar CAN-SPAM, mai tsananta hukunci kan masu kwasar adiresoshi da na'ura.

Daga baya masu kwasar suka gano lagon, kuma suka sami hanya mafi sauƙi, wato satar adiresoshi daga rumbun kamfanoni: kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 kaɗai ya shafi asusu biliyan 3. Hujjar ɓoyewar ma ta sauya, daga gudun talla ta koma kare sirri. Da GDPR, dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, ta fara aiki a Mayun 2018, aka rufe adiresoshin yawancin masu rajistar shafuka a WHOIS, kundin da ke nuna wanda ya mallaki shafin intanet. A 2019 Apple ya fara ba mutane adireshin aro, wanda ke miƙa saƙo zuwa na ainihi, in ya fara jawo shara a kashe shi.