Galahanga: Suna Ɗaya, Larura Uku

Duk shekara idan 2 ga Afrilu ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin wayar da kai kan larurar otizim, sai kalmar galahanga ta cika rediyo da Facebook. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake laƙaba ta ga duk yaron da ya fita daban da sa'o'insa. Mai gabatar da shiri zai fara da yaron da ya makara bai yi magana ba, ya zarce kan wanda wuyansa bai tsaya ba, ya dire kan mai larurar Down, dukansu da suna ɗaya.

Alhali abu uku ne. Mai larurar Down ya zo ne da kuromosom (ƙunshin gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki) na 21 guda uku maimakon biyu, kuma galibi tun a haihuwa ake ganewa. Wanda gaɓoɓinsa suka sandare ko suka saki, rauni ne ya sami ƙwaƙwalwarsa tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko yana jariri. Otizim kuwa ba a ganin sa a fuska. Yaro yana gudu da tsalle lafiya lau, amma a kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya nuna abu da yatsa don a kalla tare da shi, ƙarar da ba ta dami kowa ba sai ta sa shi toshe kunne yana ihu.

Ita ma kalmar otizim ɗin da nata laifin. Asalinta autos, wato "kai" irin na "shi kansa" da Girkanci. Likitan Suwizalan Eugen Bleuler ne ya ƙirƙiro ta a wajajen 1911, kuma ba yara yake nufi ba, manya masu taɓin hankali yake siffantawa, waɗanda suka juya wa duniya baya. A 1943 likita Leo Kanner, a Baltimore ta Amurka, ya aro ta ya ɗora wa yara 11 da ya bincika, har ya yi tsokaci cewa iyayensu ba su da sakin fuska. Daga nan tsiya ta fara. Tun da sunan na cewa yaro ya shige cikin kansa, sai aka shiga neman wanda ya kora shi ciki, aka cafke uwa. Masanin halayyar ɗan Adam Bruno Bettelheim ya yayata cewa sanyin zuciyar uwa ne sila, har ana kiran matan nan "uwa firji". Sai da wani masanin, Bernard Rimland, ya ƙalubalanci maganar a 1964, binciken tagwaye na Susan Folstein da Michael Rutter a 1977 kuma ya nuna gado na da babban hannu, sannan zancen ya fara rushewa.

A wurin masana kenan. A bakin mutane riga kawai ya sauya: yau cewa ake an sangarta shi, ko uwarsa ta kasa tarbiyya. Ni ko "cutar" da ake maƙala wa galahanga ba ta kwanta mini ba, domin mai jin cuta magani zai tafi nema, otizim kuwa ba shi da ƙwayar da ke warkar da shi.

Cakuɗa sunayen na da illa, don shawarar da ake ba iyaye ta bambanta. Mai sandarewar gaɓoɓi yana bukatar masu gashin ƙashi da motsa jiki. Mai larurar Down, zuciyarsa ake fara dubawa, saboda kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haifar su. Wanda ake zargin otizim kuwa, gwajin ji ake fara yi masa, kada a je kurma ne. Babu gwajin jini da ke nuna shi, likita kallon wasan yaron yake yi, ya yi wa iyaye tambayoyi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24, domin koyar da magana da mu'amala ya fi tasiri idan an fara da wuri.