"Farfaɗo da iri da maganaɗisu": me kalmar ke nufi, me ba ta nufi

Tun da damina ta matso, a shirye-shiryen noma na rediyo da zaurukan WhatsApp na manoman shinkafa a Gwagwalada da Kwali ake ta maimaita "farfaɗo da iri da maganaɗisu". Wasu har cewa suke yi wai yana tayar da mataccen iri. Wannan fassarar ce ke ci min tuwo a ƙwarya.

Ina zargin kunne ne ke yaudarar mutane, don kalmar ta yi kama da "magani". Ko kusa ba su haɗa dangi ba. Daga Larabci muka aro maganaɗisu, su kuma Larabawa daga Girkanci, inda asalinta ke komawa ga Magnesiya, yankin da ake danganta dutse mai jan ƙarfe da shi. Sunan wuri ne ya yi doguwar tafiya har ya iso bakin Bahaushe, ba sunan wani laƙani ba.

Tsohon iri kashi biyu ne. Akwai wanda ɗan tsiron da ke cikin ƙwayar ya mutu, wannan sai tukunya. Akwai kuma gajiyayye: yana da rai, amma zafi da laima sun raunana fatar ƙwayoyin halittarsa, in an jiƙa shi sinadaransa su riƙa tsiyayewa cikin ruwa, ya tsiro a makare, wani dogo wani gajere. A kan wannan na biyun kaɗai ake magana. Ana sanya shi cikin filin maganaɗisu, wato inda ƙarfin jan maganaɗisu ke kaiwa, na mintoci ko awanni kafin a jiƙa, kuma gwaje-gwaje sun nuna yakan fi saurin shan ruwa da fitar da saiwa. A shekarar 2000 masu bincike a Madrid ta Sifaniya sun gwada tasirin maganaɗisu a kan tsirowar shinkafa, da ƙarfin da ya kai militesla 250 (militesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne).

Adadin nan shi ne abin lura. Maganaɗisun da ake manna wa firji bai wuce kamar militesla 5 ba. Kuma ƙarfin yana faɗuwa da zarar an ɗan matsa, don haka mai cusa maganaɗisun tsohuwar sifika cikin buhun irin shinkafa na FARO 44 ƙwayoyin da suka taɓa shi kawai ya yi wa aiki. Dole a shimfiɗa irin siriri tsakanin maganaɗisu biyu, a auna ƙarfinsu da na'ura. Sakamakon ma yana canzawa daga iri zuwa iri, kuma yawancinsa na ɗakin gwaji ne.

Kafin ka biya kowa kuɗin wannan aiki, ƙirga ƙwaya 100 sau biyu. Kashi ɗaya a sa masa maganaɗisu, ɗayan a bar shi. Nannaɗe kowanne a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa, kada tsumman ya bushe. Ƙirga waɗanda suka tsiro a rana ta 5, ka sake a rana ta 14, ka kwatanta kashi biyun. In wanda ba a taɓa ba ya gaza 80, ka ƙara yawan irin da za ka shuka. In ya faɗi ƙasa warwas, nemi sabo mai shaidar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, ka kuma duba ma'ajiyarka, don shinkafar iri da aka ɗaure a buhu da laimar da ta haura kashi 12 cikin 100 tana saurin tsufa a zafin Abuja.