Sharuɗɗan Tsayawa Takarar Shugabanci a Kundin Tsarin Mulkin Najeriya

Kundin tsarin mulki shi ne uwar dokoki. Shi yake raba iko tsakanin majalisa, ɓangaren zartarwa da kotuna, ya zayyana haƙƙoƙin 'yan ƙasa, sannan ya faɗi wanda ya cancanci riƙe mulki. Wanda Najeriya ke aiki da shi ya soma aiki ranar 29 ga Mayu, 1999, kuma Sashe na 1 ya ce duk dokar da ta ci karo da shi ta faɗi.

Sashe na 131 ya gindaya wa mai neman shugabancin ƙasa sharuɗɗa huɗu: ya zama haifaffen ɗan Najeriya, ya kai shekara 35, jam'iyyar siyasa ta tsayar da shi, kuma ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. A da shekara 40 ce, sai gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018 ya rage ta, ya kuma sauko da ta 'yan Majalisar Wakilai da na jihohi daga 30 zuwa 25. Ta gwamna da sanata tana nan a 35.

Sharaɗin karatu ya fi yadda ake zato sassauci. A Sashe na 318, mai shaidar firamare ma ya cancanta, muddin ya yi aikin gwamnati ko na kamfani na shekara 10, ya halarci kwasa-kwasai na aƙalla shekara guda, kuma hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta gamsu cewa yana karatu da rubutu da Turanci. Ba ƙarancin takarda ke kayar da mutane ba, jabunta ne. Ranar 13 ga Fabrairu, 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta soke zaɓensa saboda takardun ƙarya da mataimakinsa ya miƙa wa INEC. Takara ɗaya suka yi, sai laifin ɗaya ya shafi duka biyun.

Sashe na 137 kuwa ya hana tsayawa takara ga wanda aka riga aka zaɓa shugaban ƙasa sau biyu, da ɗan ƙungiyar asiri, da wanda kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa ko karayar arzikinsa. Ma'aikacin gwamnati dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe.